Waƙar Tasa, Wayar Taka: Rigimar 'Yan Libatariyan a Kan Tura Fayil

A watan Oktoban 2007 wata kotu a garin Duluth na jihar Minnesota ta Amurka ta ci wata mata tarar dala 222,000 saboda waƙoƙi 24 da aka ce ta baza a intanet ta manhajar Kazaa. Kowace waƙa ta tashi a kan dala 9,250 ke nan, alhali a lokacin shagon iTunes bai kai dala ɗaya yake sayar da waƙa ba. Da aka sake shari'ar a 2009 sai abin ya ƙara ta'azzara, tarar ta haura zuwa dala miliyan 1.92. Aka yi ta ja-in-ja har 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita adadin farko. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Daga 2003 zuwa 2008 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta tasa mutane sama da 30,000 a gaba, yawancinsu suka biya 'yan dubban daloli aka kashe maganar tun ba a je gaban alƙali ba.

Wanda ya san 'yan libatariyan daga nesa zai ɗauka ko shakka babu suna bayan kamfanonin. Ai su ne mutanen da ba su da zance sai na dukiya da mallaka. Aƙidarsu a dunƙule ita ce kowane mutum shi ke da ikon kansa da na abin da ya mallaka, ba mai hurumin taɓa shi ko kayansa da ƙarfi, ko da gwamnati ce, ciniki kuma a bar shi tsakanin mai saye da mai sayarwa. Masu zafi daga cikinsu haraji ma ƙwace suke kiransa. To mutanen da ke ganin haraji ƙwace ne, me za su ce da yaron da ya sauke faifan waƙa guda bai biya ko sisi ba? A nan ne fa kansu ya rabu. Wasu suka ce ɓarawo ne, ba wani kwana-kwana. Wasu suka ce yaron aka zalunta, dokar ce ta shigar masa gona. Kowane ɓangare kuma da sunan kare dukiya yake magana.

Rigimar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Masu goyon bayan haƙƙin mallakar fasaha daga John Locke suke ɗauko zare, masanin Ingila na ƙarni na 17 da ya ce wanda ya zuba guminsa a kan abin da ba na kowa ba, abin ya zama nasa. In har gumin jiki yana haifar da mallaka, in ji su, na ƙwaƙwalwa ya fi cancanta, domin manomi ƙasa ya tarar ya nome, mawaƙi kuwa babu waƙar sam kafin ya tsara ta. Lysander Spooner, lauyan Amurka da ya yi suna wajen yaƙi da bauta, ya bi wannan hujja har ƙarshenta a littafin da ya fitar a 1855: tunani dukiya ne, don haka mallakarsa ba ta da wa'adi, 'ya'ya da jikoki su yi ta gada. Ayn Rand, wadda ba ta yarda a kira ta 'yar libatariyan ba amma da yawansu ta hannun littattafanta suka shigo tafiyar, ta rubuta a 1964 cewa abin da hankalin mutum ya samar shi ne tushen duk wata mallaka. Sai dai ita ta yarda a sa wa'adi.

Wannan wa'adin shi ne lagon ɓangaren nasu. Gidan da ka gina ba ya zama na jama'a don ka shekara 70 da rasuwa. Idan waƙa dukiya ce irin gida, wa ya ba majalisa ikon yanke ranar da za ta kuɓuce wa magada? Idan kuwa aka bi Spooner, to yau sai mun nemi jikokin wanda ya fara haɗa garma mu biya su kafin mu yi huɗa. Spooner ya tsaya a kan maganarsa ta kai shi inda hankali ba zai ɗauka ba. Rand ta kauce wa ramin, amma kaucewar ta nuna cewa abin da take karewa ba irin sauran dukiya ba ne.

Ɗaya ɓangaren ma tsoho ne. Benjamin Tucker, mai jaridar Liberty da ta fara fita a Boston a 1881, ya lissafa takardar mallakar ƙirƙira, wato takardar hukuma da ke hana kowa yin irin abin da wani ya ƙirƙiro sai da izininsa, cikin hanyoyi huɗu da gwamnati ke ba wasu 'yan tsiraru damar kankane kasuwa, tare da kuɗi da filaye da harajin shigo da kaya. Tun kafin shi, a wata wasiƙa ta 1813, tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson ya kwatanta tunani da wutar da wani ya kunna daga taka. Duk wanda ya taso a gidan da ake aiken yara ɗibar wuta maƙwabta ya gane abin da yake nufi: yarinya ta shigo da kasko ta ɗauki garwashi ta tafi, murhun gidan bai mutu ba, tuwon gidan bai fasa dahuwa ba.

Wanda ya ɗaure wannan hujja tamau a zamaninmu shi ne Stephan Kinsella, kuma abin ban dariya, ya yi aikin lauya a birnin Houston, sana'arsa a lokacin ita ce nema wa kamfanoni takardun mallakar ƙirƙira. A 2001, daidai lokacin da ake shari'ar Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta a intanet, ya buga doguwar maƙala a wata mujallar 'yan libatariyan, Cibiyar Mises ta 'yan libatariyan ta mayar da ita littafi a 2008. Ya faro ne da tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa ma ɗan Adam yake buƙatar mallaka tun asali? Amsarsa ita ce saboda ƙarancin abu. Mota ɗaya ba za ta je gabas da yamma a lokaci guda ba, dole a san mai ita, in ba haka ba a yi faɗa. Mallaka hanya ce ta kashe rigima a kan abin da in wani ya riƙe wani ya rasa. Waƙa kuwa mutum miliyan za su rera ta a lokaci guda ba wanda ya rasa tasa. Ba rigima a kanta sai wadda doka ta ƙirƙiro.

Sashe na biyu na hujjar ya fi na farko kaifi. Kinsella ya ce haƙƙin mallakar fasaha bai tsaya a zama marar tushe ba, cin dukiyar wasu yake yi. Wayar da ke hannunka da kuɗinka ka saya, memorin da ke cikinta naka ne, datar ma kai ka saka. Kwafin waƙa ba wani abu ba ne illa jera lambobi a cikin memorin nan naka bisa wani tsari. Ranar da doka ta ce ba ka isa ka jera su haka ba sai da izinin wani mutum da ba ka taɓa gani ba, ta ba shi kaso a cikin wayarka ke nan ba tare da ya saya ba. Haka mai injin ɗab'i da takardarsa da tawadarsa, haka maƙeri da ƙarfensa. Don a ba mawaƙi iko a kan abin da ba a iya taɓawa, sai an rage wa miliyoyin mutane iko a kan abin da ke hannunsu. Ya kuma rushe zancen gumi da misali ɗaya: in ka sassaƙa turmi da itacenka, turmin naka ne saboda itacen dama naka ne, in ka sassaƙa shi da itacen wani ba izini, gumin da ka zuba bai mallaka maka komai ba, diyya ma za ka biya.

Tarihi ma yana ɗan taya su. A Ingila abin bai faro a matsayin haƙƙin marubuci ba. A 1557 sarauta ta ba ƙungiyar masu ɗab'i ta Landan ikon kankane buga littattafai, su kuma su taya ta sa ido a kan abin da ake bugawa. Sai a 1710 aka yi dokar da ta ba marubuci shekara 14, in yana raye a ƙara masa wasu 14. Ita kanta Kotun Ƙolin Amurka, a wata shari'a ta 1985, ta ƙi yarda a hukunta mai sayar da faifan bogi da dokar safarar kayan sata, ta ce keta haƙƙin mallaka daban, sata daban, tunda ba a raba mai abu da abinsa ba.

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai Murray Rothbard, masanin tattalin arziki na Amurka kuma jigo a tafiyar, wanda ya nemi mafita ta hanyar alƙawari. A littafinsa na 1962 ya yi fatali da takardar mallakar ƙirƙira, domin tana hukunta wanda ya gano abu da kansa bai kwaikwayi kowa ba. Alexander Graham Bell da Elisha Gray rana ɗaya takardunsu na wayar tarho suka isa ofis a watan Fabrairun 1876, ɗaya ya samu duniya ɗaya ya tashi a tutar babu. Amma a kan littafi Rothbard ya ce marubuci yana da damar sayar da shi da sharaɗin kada a kwafa, wanda ya saya ya kwafa ya karya yarjejeniya, kuma ba a buƙatar wata doka ta musamman kafin a kama shi.

Duk mai karanta littattafan Hausa na WhatsApp ya san wannan tsari ko da bai taɓa jin sunan Rothbard ba. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta, inda labari ya ɗau zafi sai ta tsaya: "Daga nan littafin kuɗi ne, ki tura naira 500 ta wannan asusu, ki turo shaidar biya a saka ki a gurup." A saman kowane shafi kuma ga gargaɗi: "Amana ce tsakanina da ke. Duk wadda ta fitar min da littafi ban yafe ba." Wata ma "Allah ya isa" take rubutawa ɓaro-ɓaro. Kafin la'asar shafin da ta saki da safe ya zaga gurup goma. Wadda ta biya ta shiga ta fitar, ba mai musun ta ci amana. To ta biyun fa, wadda ta tsinci shafin a gurup ɗin 'yan ajinsu? Ta ukun fa, da ta goman? Ba su yi alƙawari da kowa ba, wata ma ba ta san sunan marubuciyar ba. A nan Kinsella ya kama Rothbard: alƙawari mutum biyu yake ɗaurewa, ba ya bin kaya ya ɗaure duk wanda suka faɗa hannunsa. Haƙƙin mallakar da ke cikin doka kuwa duniya gaba ɗaya yake ɗaurewa, kuma ba abin da ke iya ɗaure duniya sai ƙarfin hukuma. Marubutan namu da kansu sun gane ramin, shi ya sa wasu ke faɗaɗa gargaɗin ya haɗa da duk wadda ta karanta ba ta biya ba. Sun kai ƙarar inda ba a buƙatar sa hannu. (A gefen malamai ma an tattauna batun, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, ko da yake akwai malaman da suka saɓa.)

Abin da ya karkato da 'yan libatariyan da yawa zuwa ɓangaren Kinsella ba falsafa ba ce tsagwaronta, ganin ido ne. Napster ya fito a 1999, kotu ta durƙusar da shi a 2001. A shekarar ce Bram Cohen ya fitar da BitTorrent, wanda ba shi da wata cibiya guda da za a rufe, kowane mai saukewa shi ma mai turawa ne. Da kwafi ya zama aikin da kowa ke yi a ɗakinsa, hana shi sai an leƙa ɗakin kowa. Dokar DMCA da Amurka ta yi a 1998 ta haramta buɗe makullin da kamfani ya sa a kan kayan da ka saya, ko da ba ka yi niyyar tura wa kowa ba. A 2005 aka gano kamfanin Sony BMG ya ɓoye wata manhaja a faya-fayen CD da ke shiga kwamfutar mai saye a asirce, har ta buɗe ƙofa ga masu kutse. A 2009 Amazon ya shiga na'urorin karanta littafi na Kindle da ke hannun mutane ya goge littattafan George Orwell da suka riga suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu. Manoman Amurka suka wayi gari tarakta ta dubban ɗaruruwan daloli ta tsaya a gona, ba su da ikon taɓa manhajar da ke cikinta sai dillalin John Deere ya zo. Mutumin da aƙidarsa ita ce kayana nawa ne, da wuya ya ga wannan ya ce mallaka ake karewa. Da aka kawo ƙudurin SOPA, wanda zai ba da damar toshe shafukan intanet, Ron Paul, fitaccen ɗan libatariyan, na cikin 'yan majalisar Amurka da suka ƙi shi, kuma ƙudurin ya mutu bayan zanga-zangar intanet ta 18 ga Janairun 2012.

Ga kuma maganar wa'adi. Dokar Amurka ta 1790 shekara 14 ta bayar, da damar ƙarin 14. A 1998 aka kai shi tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 70, na kamfanoni kuma 95, har da ayyukan da masu su suka daɗe a ƙasa. Da aka ƙalubalanci dokar a Kotun Ƙoli, masana tattalin arziki 17 suka sa hannu a takardar adawa da ita, cikinsu har da Milton Friedman da Ronald Coase da James Buchanan, mutanen da ba wanda zai zarge su da ƙin kasuwa. Hujjarsu ba ta da wuyar fahimta: ba yadda za a yi ƙarin shekaru ya zaburar da mamaci ya yi sabon rubutu. Kotu ta bar dokar a 2003, alƙalai bakwai da biyu. Zanen katun ɗin Mickey Mouse na 1928 bai fita daga hannun Disney ba sai ranar 1 ga Janairun 2024.

A ganina, in dai a kan ma'anar mallaka ake magana, ɓangaren Kinsella ya yi rinjaye. Inda ba su gamsar da ni ba shi ne ranar da aka tambaye su: to mai waƙar me zai ci? Masu tsananin aƙida cikinsu cewa suke yi wannan ba matsalarsu ba ce, ba wanda ke bin duniya bashin riba. Masu sassauci, irin masana tattalin arziki Michele Boldrin da David Levine da suka fitar da littafi a kan batun a 2008, suna nuna cewa wanda ya fara fito da abu yana da ribar riga kowa, kuma sana'o'i irin ɗinki da girki suna bunƙasa ana ta kwaikwayon juna. Suna kawo misalin mawaƙan Grateful Dead da suka bar masoya suna naɗar wasanninsu suna rabawa, suka yi arziki da tikiti. Duk gaskiya ne. Amma kuɗin da ake samu daga sayar da waƙa a Amurka ya faɗo daga dala biliyan 14.6 a 1999 zuwa wajen biliyan 7 a 2014, kuma ko da masana na jayayya a kan kason da tura fayil ya ci a ciki, rabin kasuwa ba ya ɓacewa a banza. Mawaƙi yana da dandali, yana da biki da liƙi. Marubuciya ba ta da dandali. Mai shirya fim da ya ci bashi ya ɗauki 'yan wasa da kyamara ba shi da shi.

Kano ta ga wannan da idonta. Kasuwar Ƙofar Wambai ta taɓa zama inda ake layin sarin kaset da faifan fim, dillalai na ɗiba zuwa Nijar da Gana da Kamaru. Da waya mai memori ta yawaita, sai ga 'yan dawunlodin a bakin titi da tebur da kwamfuta da igiyoyin caji, ka miƙa waya da ɗan canji a cika maka ita, kai ma ka je ka tura wa na gida ta Xender. Kasuwar faifai ta mutu murus, masu shirya fim da dama suka bar sana'ar. Gaskiya ne masana'antar ta sake tsiro a YouTube da fina-finai masu dogon zango, kuma ɗan libatariyan zai nuna wannan ya ce ga shi nan, kasuwa ta samo hanya. Sai dai a duba hanyar. Mai fim yanzu talla yake jira daga kamfani guda da ke Kalifoniya, wanda shi ke yanke farashi, shi ke iya rufe tasha dare ɗaya. Kuma abin da ke hana wani ya ɗauki fim ɗin ya ɗora a tasharsa ya cinye kuɗin tallan shi ne tsarin YouTube na sauke kayan da aka kwafa, tsarin da ya tsiro a inuwar dokar nan ta 1998 da suke tsinewa. Spotify ma, da ya fito a Siwidin a 2008, ƙasar da ta haifi The Pirate Bay, shafin da ya yi suna wajen sauke fim da waƙa ba biya, ya janye mutane daga sauke waƙa ta bayan gida ne saboda ya fi sauƙi, amma lasisi yake saye daga manyan kamfanonin da suka yi ta kai mutane kotu.

Abin da na ɗauka daga rigimar shi ne an cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai amana, wato abin da ke tsakanin mai aiki da wanda ya karɓa daga hannunsa, da kuma haƙƙin a ambaci sunansa kada wani ya ce shi ya yi. Wannan ko Kinsella bai ce a yi wasa da shi ba, domin wanda ya sayar maka da littafin wani da sunansa ya damfare ka. Akwai kuma ikon bin kowane kwafi duk inda ya shiga a duniya har bayan jikoki, da 'yan sanda da tarar dala 150,000 a kan aiki ɗaya kamar yadda dokar Amurka ta ba da dama. Na farkon mutane suna jin nauyinsa ko ba doka. Na biyun gata ne da majalisa ta bayar don wata maslaha, ana iya auna shi a rage, kuma kiransa dukiya shi ya sa duk wanda ya ce a rage sai a ce ɓarayi yake karewa. A Nuwamban 2012 wani matashin ma'aikaci a kwamitin nazari na 'yan jam'iyyar Republican a majalisar wakilai, Derek Khanna, ya rubuta takarda yana ba da shawarar a taƙaita wa'adin a kuma rage tarar. Ba a yi kwana biyu ba aka janye ta, shi kuma ya rasa aikinsa.

Yanzu kuma mai kwafin ya sauya kama. A Disamban 2023 jaridar New York Times ta maka OpenAI da Microsoft a kotu a kan sun kwashi miliyoyin rubuce-rubucenta sun horar da manhajojinsu na ƙirƙirarriyar basira (AI). Babu wani alƙawari tsakaninsu da za a ce an karya, jaridar kuma ba ta rasa ko shafi ɗaya daga rumbunta ba. Hujjar ƙarancin abu ba ta da ma'aunin da za ta bambanta kamfanin da ya kwafi ɗakin karatu guda da ɗalibar da ta tura wa ƙawarta shafi ɗaya, don haka wanda ya wanke ɗalibar da ita dole ya wanke kamfanin ma.